Ɓarawo a Motar Ya Falmata

Kirikasamma
9 ga Satumba

Kawu Mala,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa gare ka da Inna Zulfa da yara, da fatan Legas tana yi muku sauƙi. Yaya kunnen? Fannami direba ya ce a zuwansa na baya sai da ya rubuta maka gaisuwa a bayan kwali kafin ka amsa. Tunda kira ba ya yi maka amfani, rubutun waya kuma ka ce ya yi wa idonka ƙanƙanta, na ga gara in rubuto a takarda in ba shi. Jibi zai yi lodin bandar kifi a Hadejia.

Iya tana gaida ƙanenta, ta ce ka rage sukari a shayi. Jikin nata da sauƙi in dai an yi mata wankin ƙoda a kan lokaci, Litinin da Alhamis. Kan lokacin ne ya gagare mu, shi ne dalilin takardar nan.

Motar da marigayi Baba ya bari ta sa mu gaba. A watan jiya ruwa ya hau hanyar fadama, Malam Badamasi ya ratsa da ita sau biyu ko uku don kada Iya ta rasa ranarta. Ka san shi, shekara goma sha tara yana tuƙa ta tun Baba na raye, bai taɓa barinmu a hanya ba. Tun daga lokacin ta canja hali. Da safe ya murɗa makulli sai ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru, sai an tara maƙwabta an tura. Yaya Abdulfattah ya kai ta Hadejia aka ce batir ne, ya sayi sabo. Kwana tara ta yi lafiya ta koma gidan jiya. Ya mayar wa mai batir, aka yi cacar baki, ya yi fushi ya sayi wani a wani shagon. Shi ma mako guda ya yi. Wani mai rewaya a bakin tasha ya tayar da ita, ya cire kan batir injin na tafiya, ba ta mutu ba, ya ce altaneta mai yi wa batir caji lafiyarta lau, mu je mu nemi matsalarmu a wani wuri.

Litinin da ta wuce aka wayi gari da ruwan sama. Lungun gidanmu ya zama taɓo tun farkon damina, don haka a ƙofar gidan Malam Badamasi motar take kwana. Ta ƙi tashi, ƙasa kuma ta yi laushi, mutum shida suka kasa tura ta. Kafin mu sami wata motar mu isa asibiti an ba wani gadon Iya. Sai Alhamis aka yi mata. Kawu, kwana ukun nan a zaune ta yi su, in ta kwanta numfashi ya toshe, ƙafafun nan sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ba na son in sake ganin haka.

Yaya ya fara wasu maganganu da ban ji daɗinsu ba, wai batir sabo ba ya mutuwa haka kawai. Ni dai ban san kan mota ba, aji na sani da alli. Kai ne mai sana'ar. Don Allah ka gaya mana abin da za mu duba.

'Yarka,
Yakaka


Agege, Legas
16 ga Satumba

Yakaka,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, muna lafiya. Kunne yana nan yadda kika san shi, ya huta da hayaniyar Legas. Ki gaida Ya Falmata da jiki, Allah ya ba ta sauƙi, ki ce mata na rage cokali ɗaya.

Fannami yana tsaye a kaina, ya ce yanzu zai tashi, don haka a gurguje nake.

Raina ya ɓaci. Batir biyu cikin wata guda, ba wanda ya auna komai, alhali kuna da kawu da ya shekara talatin da biyar yana rewaya. Sai da 'yar'uwata ta kwana uku a zaune sannan aka tuna da ni. Wancan kuma da ya cire kan batir inji na tafiya, kada ya ƙara taɓa motar, haka ake ƙona altaneta. Amma tunda ba ta mutu ba, bari mu ɗauka tana caji.

To motar da take caji, ta kwanta da wutarta ta tashi babu, batir ba shi da laifi. Ɓarawo ne a motar. In an kashe ta an ajiye yake satarsa, kaɗan-kaɗan har gari ya waye. Yawanci kuma ba a nesa yake ba, wanda ake gani kullum ne ba a kawo shi a rai. Kada ku sayi batir na uku sai an gano shi an raba shi da motar. Ku nuna wa Badamasi takardar nan, ya fi kowa sanin abin da nake nufi.

Zan nemo miki mitar auna wuta in aiko da cikakken bayani.

Kawunki,
Mala


Kirikasamma
24 ga Satumba

Kawu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Iya tana nan, an yi mata wanki jiya, sai dai ta galabaita a hanya.

Ka yi haƙuri da abin da zan rubuta, ba rashin kunya ba ne. Kana Legas, ba ka ga motar ba, ba ka ga batirin ba, ba ka tambayi kowa komai ba, ka ɗauki biro ka kira mutum ɓarawo. Mutumin da ya ɗauki gawar Baba da hannunsa.

Ina makaranta Fannami ya zo, sai ya bar takardar a shagon Yaya. Sunana ne a bayanta amma Yaya ya buɗe. Dama abin da yake nema ke nan. Tun kwanaki yake cewa wani ya gaya masa an ga Malam Badamasi da batir a gonarsa ta shinkafa yana cajin injin feshi, wai kuma mai yiwuwa yana musanya sabon da tsoho in motar ta kwana a wurinsa. Na ce masa duk manomin da ke fadamar nan yana da batir a gona. Bai saurare ni ba, amma bai iya yin komai ba saboda ba shi da hujja. Sai ga hujja daga hannunka, har da sunan mutumin a ƙasa.

Bai jira na dawo ba. Bayan sallar la'asar, a majalisar ƙofar masallacin unguwa, gaban liman da dattawa, ya karanta takardar da ƙarfi. Ya ce ga shaidar gwani daga Legas, kuma gwanin ya ce a nuna wa Badamasi, to ga shi ya nuna masa. Ya karɓe makulli a wurin. Ban ga abin da idona ba, daga bakin Yaya na ji, yana faɗa yana jin ya yi abin kirki. Da na je gidan Malam Badamasi washegari Barira matarsa ta tare ni a zaure, ta amsa gaisuwata a tsaye, ta ce maigidan ba ya nan. Takalmansa na ajiye a bakin ƙofar ɗaki. 'Yarsa Jannat tana ajina, kwana biyu ba ta zo ba, da ta zo kuma na ji wata yarinya tana tambayarta ko babanta ya kawo musu batir. Na hukunta yarinyar, amma bakin gari fa?

Iya ba ta sani ba. Yaya ya ce mata Malam Badamasi ya tafi duba ɗan'uwansa a Birniwa, ya kuma ja mini kunne kada in ɗaga mata hankali. Yanzu Yaya ne ke tuƙa ta da kansa, motar tana kwana a ƙofar shagonsa. Ba ya kauce wa rami, kuma kullum cikin sauri yake don ya koma shago. Jiya sai da ta yi amai a hanya.

In kana da wata shaida da ban sani ba, ka faɗa mini. In kuwa zato ne kawai, to ka ɗauki alhakin bawan Allah, kuma da hannuna aka ɗauka, tunda ni na rubuto maka. Tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi.

Yakaka


Agege, Legas
8 ga Oktoba

Yakaka,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Zulfa ce ke fama da ƙafa, da sauƙi. Allah ya ƙara wa Ya Falmata lafiya.

Takardarki ta yi kwana goma sha ɗaya a aljihun ƙofar motar Fannami, ya bi ta Ibadan ya manta da ita. Jiya na karanta. Sau uku na karanta ta ina zaton idona ne. Na kulle gareji na koma gida tun azahar.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba don sunan mahaifiyata ne a kanki ba da na rubuta abin da zai sa ki yaga takardar. Ke malamar makaranta, yayanki ya yi karatu har Kano, amma a cikinku babu wanda ya tsaya ya ce bari mu tambayi Kawu me yake nufi? A bakinmu nan gareji, ɓarawo shi ne duk abin da ke shan wutar batir bayan an zare makulli. Ƙwan fitila da ba ya mutuwa, rediyo da aka jona kai tsaye da batir, waya da ta goge tana taɓa ƙarfe. Na ce a nuna wa Badamasi ne saboda ni da shi muka taɓa kama irinsa a motar nan, shekarar bikinki, ƙwan cikin but ne, in an rufe murfi ba ya mutuwa. Aiki na aiko masa. Ni zan kira Badamasi ɓarawo? Da Babanku ya kwanta jinya, wa ke zuwa kasuwa da kuɗin gidan a aljihunsa? Abdulfattah yana ina a lokacin?

Kuma wa ya ba shi izinin buɗe takardar da ba sunansa? Ya ɗauki maganata ya kai ƙofar masallaci ya yanka mutum da ita. Ki gaya masa ni na ce ban yafe wannan ba tukuna.

Yanzu ga mita na ba Fannami a jaka, da ƙaramin ƙwan gwaji mai waya biyu. Ke nake so ki yi aikin da hannunki, kada ki ba kowa. Ba wuya.

A kai batirin a yi masa caji ya cika a mayar. Ki murɗa mitar zuwa inda na ɗiga jan fenti. Jar waya a kan batir mai alamar tarawa, baƙa a ɗayan. Mota a kashe, ya kamata ki ga sha biyu da ɗigo shida ko kusa. Ki rubuta. Washegari da safe kafin kowa ya taɓa makulli ki sake aunawa. In ya faɗi sosai, ɓarawon yana nan. Don ki tabbatar, ki kwance baƙin kan batirin, ki sa ƙwan gwajin tsakanin kan da wayar da kika cire, ƙofofi a rufe, komai a kashe. In ya kama, akwai mai shan wuta.

Sannan ki mayar da kan ki ɗaure, a tayar da inji ki sake aunawa yana tafiya. Mota mai caji za ta nuna kusan sha huɗu. A kunna fitilun gaba ki ga ko ya tsaya ko ya sauka. A kashe inji ki danna fanbel da babban yatsa, ki gaya mini iya nutsewarsa da yadda fuskarsa take. Ki ɗaure mayafinki da kyau in inji na tafiya.

Duk abin da kika gani ko kika ji ki rubuto, ko da kin ga ba shi da muhimmanci.

Kawunki,
Mala


Kirikasamma
17 ga Oktoba

Kawu Mala,

Wa alaikumus salam. Ka gaida Inna Zulfa da ƙafa. Iya ta rame amma tana cin abinci. An fara yankan shinkafa a inda ruwa ya bari.

Na karanta, na ji kunya, kuma na nemi gafararka a kan zargin da na yi maka. Amma Kawu, ka bar ni in faɗi tawa. Mu ba a gareji muka tashi ba. Ka rubuta ɓarawo, ka ce wanda ake gani kullum ne, ka ce a raba shi da motar, ka kawo suna. Layi ɗaya da ka ƙara da duk wannan bai faru ba. Ka ce Fannami na tsaye a kanka. Da ya tsaya minti biyu.

Kafin mitar ta iso wani abu ya faru. Alhamis ta makon jiya Yaya ya ɗauko Iya daga Hadejia, suna tsakiyar hanya motar ta fara shaƙewa, ta mutu tana cikin tafiya. Rana tsaka, ba inuwa sai ciyawar kacala hagu da dama. Awa biyu Iya tana kwance a kujerar baya bayan wanki, har wani mai motar kifi ya ja su. Mako uku ke nan motar na kwana a ƙofar shagon Yaya, makulli a aljihunsa. Na ce masa to yanzu wa ya sace? Ya ce ai ɓarnar da aka riga aka yi ce take bayyana.

Na yi gwajin ranar Asabar da Lahadi. Maza sun taru suna kallon mace da kai a cikin bonet, wani har yana cewa a kira masa mai hoto. Ban kula su ba. Ga abin da na samu.

Bayan caji, sha biyu da ɗigo shida. Da safe, sha biyu da ɗigo biyar. Ƙwan gwaji bai kama ba, ko ja bai yi ba. Na ɗauka ya mutu ne, na gwada shi a kan batirin kai tsaye ya kama tar. Inji na tafiya, sha biyu da ɗigo uku. Da aka kunna fitilu ya sauka sha ɗaya da ɗigo tara, yana ci gaba da sauka ina kallo. Fanbel ya nutse kamar faɗin yatsa biyu, gefensa yana sheƙi kamar an goge shi da mai. Da na sa hannu na yi inuwa a gaban direba, na ga 'yar jar fitilar nan mai hoton batir tana ci dishi-dishi, ba ta mutu gaba ɗaya ba. Da rana ba a ganinta.

Tunda ka ce in rubuta komai: motar tana yin wani tsuwa da safe in an tayar, kamar kukan ɓera, tun watan Agusta. Na ji shi da kunnena sau da yawa, ban rubuta maka a takardar farko ba don na ɗauka tsufa ne.

Na koma wurin Barira na karanta mata bayaninka. Wannan karon ta shimfiɗa mini tabarma. Ta ce tun makon da ya ratsa ruwa Malam Badamasi ya gaya wa Yaya cewa jar fitila na lekowa, bel na kuka, a buɗe altaneta don laka ta shiga. Sau uku ya faɗa. Yaya ya ce direbobi ba sa rabo da ƙirƙiro gyara. Ta ce yanzu maigidan nata ya daina sallah a masallacin unguwa, can bakin kasuwa yake zuwa.

Na kai wa Yaya takardarka da lambobin. Ya karanta ya ce to an yi kuskure, a aika wa Badamasi ya zo ya karɓi makullinsa. A aika masa, Kawu, kamar wanda ya manta hula. Na ce a inda ka ɓata shi can za ka wanke shi. Ya ce shi ba zai tsaya gaban jama'a ya ba direba haƙuri ba, kuma in na kuskura na gaya wa Iya jininta ya hau, ni na sani.

Me zan yi da motar, me zan yi da Yaya?

'Yarka,
Yakaka


Agege, Legas
24 ga Oktoba

Yakaka,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ƙafar Zulfa ta saki. Allah ya yi miki albarka, aikinki ya fi na wasu da na koya wa shekara uku.

Maganarki gaskiya ce, na karɓa. Kuma akwai wadda ta fi ta ɗaci. Babu ɓarawo a motar nan ko na waya. Lambobinki sun nuna batir na kwana da wutarsa, cajin ne ba ya shiga. Tana tafiya ne tana cin abin da ke cikin batir har ya ƙare, shi ya sa sabo ke yin mako guda, shi ya sa ta mutu a hanya. Na zagi mai cire kan batir, sannan na hau kan gwajinsa na yanke hukunci. Altaneta mai ba da wuta kaɗan tana iya riƙe inji in ba a kunna komai ba, na san haka tun kafin a haife ki. Kalmar da ta jawo wa mutum wannan tozarci ko a kan motar ma ba daidai ba ce. Badamasi da kunnensa ya gano abin da ni da shekaruna na kuskure.

Ga abin yi. A sa sabon fanbel a ɗaure shi ya yi tauri. A kwance babbar wayar da ke bayan altaneta da wadda ta haɗa batir da jikin mota, a kankare su har ƙarfe ya yi haske. In cajin bai kai ba a sauke altaneta a buɗe, a duba burushi, wasu 'yan gawayi biyu ne a ciki, laka na riƙe su. Ki tsaya a kai da mitarki. Kada ki yarda an gama sai kin ga sha uku da ɗigo takwas zuwa sha huɗu da 'yan kai, fitilu a kunne.

Na saka wata takarda a rufe, ta Badamasi ce. Hannu da hannu, kada ta bi ta shago.

Batun Abdulfattah kuwa, ya ɓoye ne a bayan ciwon uwarsa. Na san Ya Falmata kafin ku san ta. Ita ta goya ni. Ƙarya ce ke kwantar da ita, gaskiya ba ta taɓa kayar da ita ba. Ki zaunar da ita bayan ta huta, ki karanta mata takardun nan duka daga ta farko, har da wautata. In wani abu ya biyo baya ki ce ni na sa ki.

Kawunki,
Mala


Kirikasamma
3 ga Nuwamba

Kawu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna gaishe ku duka. Iya lafiya, jininta bai hau ba, wanki biyu ke nan a jere ba mu makara ba.

Motar ta gyaru. Na kai ta wurin wani mai rewaya a Hadejia ranar Asabar ta makon jiya. Da sabon bel ta nuna sha biyu da ɗigo tara, ya ce ai ta yi, na ce ba ta yi ba. Ya ce to sai dai sabuwar altaneta, na ce a buɗe wannan tukuna. Ya dube ni ya dubi mitar, ya sauke ta yana gunaguni. Busasshiyar laka ce cike, burushi ɗaya ya maƙale ko motsi ba ya yi, babbar wayar baya kuma ta yi kore har ta kusa tsinkewa. Da aka wanke aka canja aka mayar, sha huɗu da ɗigo ɗaya, fitilu a kunne. Jar fitilar ta mutu.

Ranar Talata na karanta wa Iya takardun. Ba ta katse ni ba har na gama. Sannan ta tambaye ni kwana nawa ke nan. Na ce arba'in da 'yan kai. Ta ce ita kuwa kullum tana cikin yi wa ɗan'uwansa na Birniwa addu'ar samun sauƙi.

Laraba da safe ta sa aka kira Yaya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce gobe Alhamis ranar wankinta ce, amma ba za ta shiga motar nan ba, ba kuma za ta shiga wata ba, sai yau bayan la'asar ya tsaya a inda ya tsaya rannan ya janye abin da ya faɗa. Ya fara cewa Iya lafiyarki, ta ce lafiyarta tana hannunsa, ya zaɓa. Ya fita ya dawo sau biyu. Da la'asar ta ce a sa ta a mota a kai ta ta gani. Muka tsaya a tsallaken masallaci, gilashi a sauke. Liman ne ya aika aka kira Malam Badamasi.

Yaya ya faɗa. Muryarsa ƙasa-ƙasa, har wani dattijo ya ce ya ɗaga yadda ya ɗaga rannan. Ya ɗaga. Ya ce ya yi wa Malam Badamasi ƙazafi, bai ɗauki komai ba, a shaida, kuma yana neman gafara. Malam Badamasi ya ce ya yafe duniya da lahira. Suka yi musabaha.

Sannan Malam Badamasi ya tsallako ya durƙusa a gefen motar ya gaida Iya. Ya rame, Kawu. Na miƙa masa takardarka, ya karanta a wurin ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce in gaya maka kai ba ka yi masa komai ba. Ashe tun Yaya yana cikin karantawa rannan ya gane nufinka, ya kuma faɗa a wurin cewa ɓarawon waya Malam Mala yake nufi, a ba shi ƙwan fitila ya nuna musu yanzu. Aka yi dariya. Yaya bai taɓa gaya mini wannan ba.

Iya ta ce masa ga makulli. Ya sunkuyar da kai ya ce:

"Hajiya, gobe ni zan kai ki in dawo da ke, insha Allahu. Amma na riga na ba wani mai fataucin kifi alkawari, ina ja masa mota zuwa Nguru. Shi ya ɗauke ni lokacin da ba mai amsa sallamata da kyau. Kuma gaskiya, shekara goma sha tara na yi a gidanku, na nemi a saurare ni na minti ɗaya ban samu ba. Na yafe, amma zuciyata ba za ta zauna ba."

Na zaci Iya za ta roƙe shi. Ta ce, "Ka yi daidai, Badamasi. Allah ya sa can ta fi nan."

Alhamis ya zo tun da sassafe. Ya buɗe bonet ya danna bel, ya saurari injin, ya gyaɗa kai. Ya kai ta a hankali yadda ya saba, ya jira a ƙarƙashin bishiya har aka gama, ya dawo da ita har ƙofar gida, ya kama ta ta sauka. Ya ba ni makullin a hannuna ya tafi da ƙafa. Iya ta tsaya a bakin zaure tana dafe da ni, ta ƙi shiga har sai da ya sha kwana.

Gobe Litinin Yaya ne zai kai ta. Ta ce in zo in zauna a gaba, ita ba ta da abin da za ta ce masa tukuna.

'Yarka,
Yakaka